Hutun da Muka Ba Inna

Inna ta karye a wuyan hannu wata safiya cikin damina, kuma ba faɗuwa ta yi ba. Ta gama alwala a bakin rariya, ta zo miƙewa, ƙafarta ta ɗan zame a kan gansakuka, sai ta dafa ƙasa da hannun hagu. Dafawa kawai. Ina tsaye da bokiti a hannu na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ta dubi hannun, ta dube ni, ta ce, "To, wannan kuma ya tafi."

Inna mahaifiyata ce. Na dawo gidanmu na Ƙofar Jatau bayan rasuwar mijina, ina zaune a ɗakin da ke jikin nata, ina ɗinkin hannu na hula da wuyan riga. Karatuna bai wuce firamare ba. Gidan yana hannun Yaya, babban wanmu, ma'aikacin gwamnati ne, yana ciki da matarsa da 'ya'yansa. Ni kuwa tun ina ƙarama aka san ni da sa abu a rai. Idan na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon. Idan na zuba gishiri a miya sai in tsaya ina tambayar kaina ko na zuba.

An kira mai ɗori, ya ja hannun, ya ɗaure da karare, kuma cikin ikon Allah ya kama. Kowa a gidan ya yi hamdala ya koma harkarsa. Ni ce na kasa. Na sha ganin yara sun faɗo daga katanga sun miƙe suna dariya. To wane irin ƙashi ne zai karye don an dafa ƙasa?

Akwai dalilin da ya sa abin ya tsaya mini. Gwaggo, yayar mahaifinmu, a cikin ɗakinta ta faɗi, tsakanin gado da ƙofa, ƙugunta ya karye. Ba ta sake miƙewa ba. Ina cikin masu juya ta da wanke ta har Allah ya karɓi abinsa, kuma na ga yadda kwanciya take cin bayan mutum. Mace mai tsafta, mai faɗa, ta koma tana rufe fuska da mayafi idan za mu gyara ta. Abin da nake tsoro ke nan. Hannu ya karye ya ɗoru, amma idan ƙugun Inna ya bi, na san inda za mu ƙare.

Na dami Yaya a kan mu kai ta asibiti a duba. Ya ce, "Ke dai ba kya rasa abin tsoro. Hannu ya warke, kuma sai mu je neman wani ciwon?" Washegari na sake tayar da maganar, da jibi ma. Daga ƙarshe ya gaji da ni, ya ɗauke mu a mota.

An yi wa hannun hoto, da bayanta. Likitar mace ce, matashiya, mai magana a hankali. Ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, hannun ya ɗoru lafiya. Amma ƙashin ya yi shara-shara."

Na gane nan take, don na san yadin da ya sha wanki har kana hango hannunka ta cikinsa. Irin wannan yadi ba ya riƙe zare.

Yaya ya gyara zama. Ya ce, "Dokta, ni fa na karanta cewa wannan ciwon na Turawa ne. Mu baƙar fata ƙashinmu ƙarfi gare shi."

Zan faɗi amsarta yadda na riƙe, kuma ina roƙon Allah kada in ƙara mata abin da ba ta ce ba. Ta ce akwai gaskiya a maganarsa. Idan aka tara mata da yawa aka auna, matan baƙar fata sukan fi matan Turawa nauyin ƙashi, kuma ba su kai su yawan karyewar ƙugu ba. Ta ce al'umma da al'umma sun bambanta a wannan, wani na gado ne, wani na abinci, wani na irin rayuwar da ake yi. "Amma wannan maganar taro ce, Alhaji. Mama ba taro ba ce, mace ɗaya ce." Ta ƙara da cewa akwai na'urar da take auna nauyin ƙashi, ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma ma'aunin da take kwatanta mutum da shi yawanci daga matan wasu ƙasashe aka ɗauko. Ta ce kowace mace, fara ko baƙa, idan al'ada ta ɗauke mata, ƙashinta yakan fara raguwa. Abin da ya rage shi ne daga ina ta taso, kuma yaya take riƙe da jikinta.

Sai ta juya wajen Inna. "Mama, wane aiki kike yi a gida?"

Yaya ne ya amsa, kuma na ga yadda fuskarsa ta washe. "Aiki? Ko tsinke ba ta ɗagawa. Shekara da shekaru. Butar alwala ma kawo mata ake yi."

"Tana fita unguwa?"

"Idan ta kama, a mota."

"Rana fa, tana zama a cikinta?"

"Ba ma barin rana ta taɓa ta."

Inna ta ce, "Kamar man shanu suka ajiye ni, 'yar nan."

Likitar ta yi dariya, amma ta ajiye biron hannunta. Ta ce ƙashi yana son nauyi, yana son tafiya, yana son rana. Idan aka daina ɗora masa komai sai ya riƙa sakin jiki. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa ba ta nono da ƙananan kifi da ganye, ta riƙa zama a hantsi, ta riƙa takawa kullum, ta yi ɗan aikin da ba zai kayar da ita ba. Ta ce kuma a gyara duk inda yake da santsi a gidan.

A mota Yaya ya dube ni ta madubi ya ce, "Kin ji ko? Da bakinta ta ce ƙashinmu ya fi nasu." Shi abin da ya ɗauko daga asibitin ke nan. Ni kuma shara-shara na ɗauko. Ɗaki ɗaya muka zauna, likita ɗaya muka saurara.

Ya kamata in faɗi yadda Inna ta zama mai hutu, don wanda bai san gidajenmu ba zai ɗauka ko lalaci ne. Ina ƙarama, ita take yin surfen gidan nan gaba ɗaya. Ta ja ruwa a rijiya, ta soya ƙuli-ƙuli na sayarwa, ta goya wannan tana shayar da wancan. Damatsanta kamar na namiji. Da Yaya ya yi aure, ran da amarya ta fara fitowa tsakar gida ta tarar da Inna da tsintsiya, sai ta durƙusa ta karɓe. "Inna, kawo. Mu muna ina?" Haka ake yi, kuma da ba ta yi haka ba da an zage ta har gidan iyayenta. Daga tsintsiya aka karɓe taɓarya, aka karɓe guga, aka karɓe murhu. Da ta dawo daga aikin Hajji kuwa, sai ya zama ko tabarmarta ba ta shimfiɗawa da kanta. A wurinmu alamar ɗa ya isa ke nan, a ce uwarsa tana zaune.

Ɗakinta tsohon gini ne na ƙasa, mai kauri, taga ɗaya ƙarama can sama. Da zafi yana da sanyi, shi ya sa take son sa. Nan take wuni da carbi da rediyo. Idan ta fito ƙofar ɗaki rana ta iso wurin, sai ka ji wani ya ce, "Ku shigar wa Inna da tabarma." Duk cikin ƙauna aka yi. Babu wanda ya taɓa tambayarta ko tana so, ita ma ba ta taɓa cewa komai ba.

Bayan asibitin sai na shiga wani sabon tunani. Likita ta ce taro da taro sun bambanta. To Inna a wane taro take? Kakarta ta wajen uwa Bafillatana ce, doguwa siririya, an ce wuyan hannunta kamar sillen kara. Dangin mahaifinta kuma gajeru ne masu kauri. Wanne ta ɗauko? Ni wanne na ɗauko, da nake wuni a duƙe kan allura a cikin inuwa? Na zama idan na je biki ba na kallon zannuwan mata, bayansu nake kallo. Wannan ta miƙe, wannan ta fara rankwafawa, wannan kafaɗarta ɗaya ta sauka. Duk baƙar fata, duk 'yan gari ɗaya, wasu ma uwa ɗaya uba ɗaya.

Akwai wata tsohuwa mai tallan nono da take shigo mana daga wajen Kufena. Sa'ar Inna ce ko ta ɗan girme ta, sun daɗe da sabawa, suna tsokanar juna. Tana tafiya da ƙwarya a ka, bayanta a miƙe kamar an sa mata sanda. Wata rana ta sauke kaya a ƙofar ɗakin Inna, na kasa haƙuri na tambaye ta ko ta taɓa karyewa.

Ta ce, "Ni? Ina na ga lokacin karyewa?"

Inna ta ce, "Ai ku Fulani ba ƙashi gare ku ba, jijiya ce kawai aka naɗe da fata."

"Ku kuma 'yan birni da kuka tara nama, ga shi ƙasa ta gaishe ki kin ba ta hannu."

Suka yi ta dariya. Ni a raina na ce to ga amsa, nono da rana da tafiya. Har na fara jin sanyi a raina. Sai matar ta ɗora ƙwaryarta, tana gyara gammo ta ce, "Amma fa yayata tana can kwance. Tare muka taso, nono ɗaya muka sha, hanya ɗaya muka bi duk rayuwarmu. Bara ta faɗi a bakin rafi, ƙugu ya tafi." Ta yi sallama ta fita, ta bar ni da abin da ya fi na da nauyi. Ashe ko an yi duk abin da ya kamata, ba a ba mutum tabbaci.

Duk da haka na fara abin da likita ta ce. Da hantsi nakan shimfiɗa wa Inna tabarma a inda rana take sauka, jikin katangar yamma, ta naɗe hannun riga ta miƙe ƙafa. Ba ta yi musu ba. Bayan 'yan kwanaki ta ce in miƙo mata tsintsiya ta share ƙofar ɗakinta. Na miƙa mata, amma ina tsaye a kanta, hannuwana a buɗe kamar mai jiran yaro ya faɗo daga gado. Duk sunkuyon da ta yi sai gabana ya faɗi. Idan ta zauna ƙashi ya narke, idan ta motsa ta iya faɗuwa. Ban san wanne zan fi tsoro ba, sai na ji tsoron duka biyun.

Ana cikin haka wata maƙwabciyarmu ta shigo ba zato, ta tarar da Inna a duƙe tana shara, matar Yaya kuma tana zaune tana yanke farce. Matar ta tsaya ta riƙe haɓa. "Hajiya, da kanki? Ina mutanen gidan suka shiga?" Ba ta ƙara komai ba, amma kafin la'asar maganar ta zaga lungu. Matar Yaya ta shige ɗaki tana kuka, kuma ban ga laifinta ba. Shekaru ta yi tana hidimar Inna ba tare da an ji kansu ba, rana ɗaya aka mayar da ita wadda ta sa uwar miji shara.

Da Yaya ya dawo daga ofis ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa.

"So kike a ce na kasa riƙe uwata?"

"Yaya, likita ce ta ce."

"Likita ta ce mu baƙar fata ba mu da wannan matsalar sosai. Tsautsayi ne ya same ta, ya wuce. A ba ta magani, a ba ta nono, ta sha hantsinta. Amma kada in sake jin ta taɓa tsintsiya a gidan nan."

Na ce to. Kuma in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata ya ji sauƙi, don aƙalla a zaune ba za ta faɗi a gabana ba. Ɗaya ɓangaren kuma yana ta lissafa mini yadda ƙashin yake raguwa a ɓoye, kamar gara a cikin azara, waje lafiya ciki ba komai.

Inna ta koma carbinta.

Sai aka yi wa Iya aikin ido. Iya ƙanwar Inna ce, su biyu suka rage a ɗakinsu, tana aure a Limancin Kona. Ran da aka sallamo ta, Inna ta yi wanka da sassafe, ta sa hijabi, ta fito tsakar gida da takalminta a ƙafa. Yaya yana shirin fita aiki. Ya ce ta jira ya juyo da mota.

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Alhajin gidan nan, tafi aikinka. Da ƙafa zan je."

"Inna, da ƙafa kuma? Ga mota a ƙofar gida?"

"Motar ai ba ta shiga lungunsu."

"Sai in sauke ki a bakin hanya."

Matar Yaya ta fito daga kicin ta tsaya, ni ma ina tsaye. Sannan Inna ta ce, "Zaman nan da na yi duk shekarun nan, don ku na yi. Na ga kuna jin daɗinsa, na ce to bari in zauna. Tsintsiya na bar muku, tunda ita ce abin kunyar. Amma ban taɓa jin an zagi ɗa don uwarsa ta taka ta je zumunci ba. Lada ma ake cewa ta samu."

Yaya ya duba makullin motar da ke hannunsa. Na san abin da yake aunawa, don ni ma shi nake aunawa: ramukan hanya, 'yan acaɓa, ruwan kwata da yake gudu a tsakiyar lungu. Amma maganarta ba ta da inda za a kama. Can ya juyo wajena ya ce, "Ki bi ta. Wayarki tana da caji?" Na ce tana da shi. Ya ce, "Kuma a kira magini yau ya zo ya gyara bakin rariyar nan."

Muka fita. Tafiyar da a da ba ta ɗaukar ta komai ba, ranar ta zama doguwa. Ina bayanta, idona a kan dugaduganta. Duk dutsen da ke gabanta na riga ta ganinsa, ina ta cewa, "Inna, a hankali, ga rami. Inna, bi ta nan." Da abin ya ishe ta sai ta tsaya ta ce, "Ke, ko ki zo gefena mu yi hira, ko ki wuce gaba ki ce musu ina tafe. Kallon nan naki shi zai kayar da ni." Na dawo gefenta.

Ba mu yi nisa ba ta tsaya a wani zaure ta dafa bango, ta yi sallama, ta tambayi wata tsohuwa da rabonta da ita tun wani suna. Aka fito ana ta murna. "Hajiya, yau ke ce a ƙasa?" Ta ce, "Ni ce, na zo in ga ko kun mutu ba a gaya mini ba." Muka ƙara gaba kaɗan ta sake tsayawa gun mai sayar da goro, ta tambayi lafiyar mahaifinsa. Sai wani gida, sai wani. Da farko haushi na ji, ina ganin rana tana ɗagawa. Daga baya na lura da yadda ƙirjinta yake hawa da sauka, da yadda kowace gaisuwa take zuwa daidai lokacin da ƙafarta ta fara ja. Hutawa take yi. Ba za ta ce ta gaji ba, don ta san ina jin haka zan kira Yaya. Na sa hannu a jaka na taɓa wayar, na bar ta a ciki. Da muka kusa wani zaure na gaba, ni da kaina na ce, "Inna, ba za mu gaida mutanen gidan nan ba?" Ta harare ni ta gefen ido, ta ce, "Ashe kina da hankali."

Mun tarar da Iya a kwance, ido ɗaya a rufe da auduga. Ta ji muryar yayarta ta ce, "Wa ya kawo ki? Ban ji ƙarar mota ba." Inna ta zauna a bakin gado tana haki, ta cire takalmi, ta ce, "Ba ni ruwa tukuna, mai ido ɗaya."

Sai da rana ta yi sanyi muka dawo, da ƙafa, da gaishe-gaishen da suka fi na safe yawa. Kwana biyu tana ɗingishi, ina shafa mata man zafi, ina cewa a raina shi ke nan na jawo. A na uku ta ce akwai wata da aka yi wa rasuwa a bayan masallaci, ba ta je gaisuwa ba.

Yanzu kusan kullum akwai inda za ta je. Unguwar nan ba a rasa haihuwa ko rashin lafiya ko ta'aziyya, kuma Inna ta zama ba ta barin ko ɗaya ya wuce. Mutane suna yabon ta da zumunci, suna yabon Yaya da ya bar ta. Har yau shi yana nan a kan cewa ƙashinmu ya fi na Turawa, kuma ban ce ƙarya yake yi ba. Ni dai ban san abin da yake faruwa a cikin ƙashin Inna ba. Ba a auna shi da na'urar nan ba, ban sani ba ko ya daina raguwa ko yana nan yana yi a hankali. Da na sa ido sosai nakan ga kamar tafiyarta ta ƙara ƙarfi, wata rana kuma in ga kamar idona ne yake son ganin haka. Idan ta ɗauki hijabi nakan soke allura a jikin hula in tashi, gabana yana faɗuwa kamar ranar farko, in nemo takalmina.